Alhassan Ɗantata

Alhaji Alhassan Ɗantata (an haife shi a Bebeji a shekarar 1877, ya rasu a Kano ranar 17 ga watan Agusta, 1955) falke ne kuma attajiri, wanda ya yi fice a cinikin goro da gyaɗa. A ƙarshen rayuwarsa ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. An fi tunawa da shi idan ana zancen dalar gyaɗa ta Kano, amma abin da ya fara fifita shi a kan tsararrakinsa shi ne yadda ya bar ayarin jakai na iyaye da kakanni, ya mayar da kayansa jirgin ruwa da jirgin ƙasa tun yawancin fatake ba su farga ba.

Asali da ƙuruciya

Ɗantata ya fito daga zuriyar Agalawa, ɗaya daga cikin rukunoni uku da suka riƙe fataucin goro a ƙasar Hausa, sauran biyun su ne Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa Baba Talatin ne ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, wato shugaban ayari. An haifi Alhassan a zangon Bebeji lokacin da mahaifin ke kan hanyar Gwanja, daga baya kuma gidan ya koma Bebeji gaba ɗaya.

Abdullahi ya rasu Alhassan yana yaro. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Accra da zama, garin da Hausawa ke kira Ankara. Ta bar shi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata, kuma daga sunanta ne laƙabinsa ya samo asali. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana haɗawa da ƙananan saye da sayarwa.

Yana matashi aka yi Yaƙin Basasar Kano, wanda ya fara a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Ana ba da labarin cewa Agalawa da yawa sun kasance a ɓangaren Sarki Tukur, saboda haka da Yusufawa suka yi nasara aka kama Alhassan da 'yan uwansa, sai da aka fanshe su.

Fataucin Gwanja

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. Daga dazuzzukan Asante ake samo shi, a kawo shi kasuwannin Gwanja, musamman Salaga, a arewacin Ghana ta yau. Ayari yakan tashi daga Kano da kaka bayan ruwa ya ɗauke, ɗauke da kanwa, turkuɗi da sauran tufafin rini, fatu, da busasshen ganyen albasa. Jakai da takarkarai da 'yan alaro ne ke ɗaukar kayan. Za a ƙetare kogin Kwara a wajajen Yawuri ko Busa, a ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Djougou, a bi ta Sansanne Mango da Yendi kafin a kai Salaga. Zuwa da dawowa yakan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara.

Ayari kamar gari ne mai tafiya. Madugu ke da ikon komai, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin yada zango, akwai malami mai rubutu da addu'a, akwai mata masu girki. Kowane sarki da aka ratsa ƙasarsa sai an biya shi garama, kowane babban kogi sai an biya kuɗin fito. Borgu kuwa ta yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi. Ga shi goro kaya ne mai laulayi: sai an naɗe shi da ganye a cikin huhu, ana kwancewa a kai a kai ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran. Kowace rana da aka ƙara a hanya, wani abu ya ragu daga ribar falke. Wannan ce sana'ar da Alhassan ya gada, kuma da ita ya fara.

Daga ayari zuwa jirgi

Tun kafin ya girma hanyar ta fara canjawa. Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, Salaga kuma ta yi nata yaƙin basasa a 1892, kasuwarta ta watse. Cinikin goro ya riƙa gangarawa kudu, zuwa Kumasi da bakin teku. A 1903 layin dogo daga Sekondi ya isa Kumasi, shekarar da Turawa suka ci Kano bayan sun fasa ganuwar Bebeji.

Zaman mahaifiyarsa a Accra ya sa Alhassan ya san bakin teku fiye da yawancin fataken Kano. Wajen 1906 ya fara loda goro a jirgin ruwa daga Sekondi da Accra zuwa Legas, tafiyar 'yan kwanaki kawai. Daga Legas sai a yi arewa da kayan. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kuma haɗa shi da layin Legas a 1912, sai hanyar ta cika: goron da a da yake kwashe watanni a bayan jaki, yanzu cikin makonni kaɗan yana Kasuwar Kurmi. Kafin a gama gadar Jebba a 1916, a kan jirgin fito ake tsallakar da taragai, duk da haka babu haɗi da tsohuwar hanya.

Amfanin sauyin bai tsaya a kan sauri ba. Mai ayari sau ɗaya yake juya jarinsa a shekara, wanda ke bin jirgi kuwa yakan juya nasa sau da dama. Babu garama, babu ciyar da dabbobi da 'yan alaro, goro kuma yana isowa da ɗanyensa. Sai dai jirgi yana bukatar kuɗi a hannu da amintattun wakilai a kowace tasha, abin da ƙaramin falke mai jaki biyar ba shi da shi. Shi ya sa sauyin ya tara ciniki a hannun 'yan tsiraru. Sarautar madugu ta zama suna kawai, zangunan da ke rayuwa da ayari suka yi sanyi, kuma attajirin da ya bar jaki ya koma dogara da jiragen kamfanonin Turawa da farashin da suka yanka. Ɗantata da kansa ya bar Bebeji ya dawo birnin Kano, ya kafa gida a Sarari, kusa da Koƙi.

Gyaɗa

Turawa sun shimfiɗa layin dogo ne da fatan samun auduga, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, wadda masana'antun mai da sabulu na Turai ke nema ruwa a jallo. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, dole suka nemi fataken goro, waɗanda suke da jari da yara a ko'ina. Cikin waɗanda suka shiga harkar da wuri akwai Umaru Sharubutu, Adamu Jakada da Maikano Agogo. Ɗantata ya zama babban mai saya wa kamfanin Niger Company, wanda a 1929 ya narke cikin UAC. Yakan ba yaransa kuɗi su shiga ƙauyuka, su ba manoma bashi kafin kaka, su karɓi gyaɗa bayan girbi. Abin lura a nan shi ne jaki da raƙumi ba su daina aiki ba, tafiyarsu ce ta gajarta: daga gona zuwa tasha, har zuwa lokacin da motocin lori suka karɓe wannan ma.

Dalar gyaɗa da ake dangantawa da sunansa ta samo asali ne daga ƙarancin taragai. Gyaɗa takan taru fiye da abin da jirgi zai iya kwashewa, sai a jera buhuna a tsibe su ana jiran layi. Bayan an kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ya samu lasisin saya mata kai tsaye a farkon shekarun 1950.

Lokacin da bankin Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank, ya buɗe reshe a Kano a 1929, ana ba da labarin cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin.

Addini da harkokin jama'a

Ya yi aikin hajji a shekarun 1920 ta jirgin ruwa, a zamanin da galibin alhazan Kano ke bin ƙasa ta Chadi da Sudan, tafiyar da kan ci shekaru. Mabiyin ɗarikar Ƙadiriyya ne, an san shi da tsantseni da rashin almubazzaranci. Ya zauna a majalisar Sarkin Kano, ya kuma goyi bayan jam'iyyar NPC. Yana cikin attajiran da suka kafa kamfanin Kano Citizens Trading Company domin 'yan ƙasa su samu abin gogayya da kamfanonin waje.

Iyali da rasuwa

Cikin 'ya'yansa akwai Ahmadu, Sanusi, Mahmud, Mudi da Aminu. Sanusi ya yi ƙarfi a harkar gyaɗa da motocin sufuri. Mahmud yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA a 1948, wanda ya riƙa kai alhazai a mota, daga baya a jirgin sama, kuma daga sunansa ne unguwar Wapa da ke Fagge ta samu suna. Aliko Dangote jikan Sanusi ne ta wajen mahaifiyarsa Mariya.

Da rashin lafiya ta tsananta a 1955, Ɗantata ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su zauna lafiya, kada su raba kamfanin Alhassan Dantata and Sons. Ya rasu ranar 17 ga watan Agusta, aka binne shi a gidansa da ke Sarari. Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960, daga nan Aminu ya karɓa.