Likita Banting, Wanda Ya Sayar Da Haƙƙin Maganinsa Dala Ɗaya

An haifi Frederick Banting ran 14 ga Nuwamba, 1891, kusa da wani gari wai shi Alliston a ƙasar Kanada. Ubansa manomi ne, shi ne kuwa auta cikin 'ya'ya biyar. Ya yi karatun likita a Jami'ar Toronto, ya gama a 1916, aka tafi da shi Yaƙin Duniya na Farko, inda aka yi masa rauni a 1918. Bayan yaƙi ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya, amma kasuwa ta ƙi.

A wancan zamanin, in ciwon sukari ya kama yaro, to, sai jiran kwana. Iyakar abin da likitoci ke yi shi ne su rage masa abinci har ya rame ya zama ƙashi da fata. Masana sun daɗe suna zaton akwai wani ruwa da ke fitowa daga wata tsoka a bayan tumbi, wanda ke daidaita sukarin jini, amma an kasa tace shi yadda zai amfani mutum.

A ƙarshen Oktoba, 1920, wata dabara ta faɗo wa Banting. Ya kai ta wurin Farfesa Macleod na Toronto, shi kuwa ya ba shi ɗakin gwaji da karnuka da wani ɗalibi, Charles Best. Suka fara aiki a Mayu, 1921. Can wajen ƙarshen shekara James Collip ya shigo, ya tace ruwan. A Janairu, 1922, aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar a babban asibitin Toronto, ya farfaɗo. Wannan magani shi ne insulin.

To, a nan ne abin da ya sa muka ɗauko labarinsa ya ke. Aikin nan a jami'ar jama'a aka yi shi, da kayan jama'a. Da fari Banting ya ƙi a sa sunansa a takardar haƙƙin mallaka, don yana ganin bai kamata likita ya yi ciniki da ceton rai ba. Amma in an bar maganin ba mai shi, wani ɗan kasuwa na iya riga su yin rajista ya rufe ƙofa, ko kuwa a cika kasuwa da jabu. Saboda haka suka karɓi takardar a 1923, shi da Best da Collip, suka miƙa wa jami'ar a kan dala ɗaya ɗaya.

Jami'ar ba ta kulle takardar a akwati ba. Ta yi yarjejeniya da kamfanin Eli Lilly na Amurka don a yi maganin da yawa, ta ba Majalisar Binciken Magunguna ta Gwamnatin Ingila ikonsa a can, ta kuma kafa kwamiti mai duba ingancinsa. Ɗan kason da a ke biyanta aka riƙa mayarwa cikin bincike.

A 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel. Banting ya husata don an bar Best, ya raba rabonsa biyu da shi. Ba mu ce ba shi da aibu ba: mutum ne mai zafin rai, ya kuwa daɗe yana gaba da Macleod. Majalisar Kanada ta yanka masa dala 7,500 kowace shekara don ya ci gaba da bincike. Ya rasu ran 21 ga Fabrairu, 1941, bayan jirgin saman da ke kai shi Ingila aikin yaƙi ya faɗi a Newfoundland. Ranar haihuwarsa ce yanzu Ranar Ciwon Sukari ta Duniya.

Abin da ya yi don ganin dama, daga baya ya zama doka. A 1980 Amurka ta kafa dokar Bayh-Dole: jami'ar da ta gano wani abu da kuɗin Gwamnati tana iya riƙe haƙƙinsa, amma tilas ta sanar da Gwamnati, ta kuma yi ƙoƙarin ganin ya isa ga jama'a, in ba haka ba Gwamnati na da ikon ba wani izinin yinsa.

Duk da haka aiki bai ƙare ba. Shekara ɗari ke nan da ɗoriya, amma mai ciwon sukari a Kwanyawa, ko wani ƙauye na Ƙaraye da Rogo, yana fama da tsadar allurar, da nisan inda za a same ta, da wurin ajiye ta cikin sanyi. Muna roƙon malamai su karanta wa yara labarin nan. Cikinsu akwai waɗanda Gwamnati za ta ba kuɗin bincike wata rana, ya kamata su tashi da sanin cewa kuɗin nan harajin talakawa ne, amana ce kuwa, ba ta sauka daga wuyansu sai maganin ya kai ga mai ciwo.