Karl Elsener: Maƙerin da kwangilar gwamnati ta kusa durƙusar da shi

A shekarar 1890, rundunar sojin Suwizalan ta buƙaci 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa da kowane soja zai riƙa buɗe abincin gwangwani da ita, ya kuma kwance bindigarsa idan zai goge ta. A faɗin ƙasar babu masana'antar da za ta iya ƙera adadin da ake nema, don haka kashin farko, wuƙaƙe 15,000, aka ba kamfanin Wester da ke Solingen a Jamus. Wannan abu ya tsaya wa wani maƙeri a rai, mai suna Karl Elsener.

An haife shi a 1860. Ya koyi ƙirar wuƙaƙe a Zug, ya yi yawon ƙaro sani a Paris da kudancin Jamus, sannan a 1884 ya buɗe maƙerarsa a ƙauyen Ibach da ke yankin Schwyz, da tallafin mahaifiyarsa Victoria. A lokacin talauci ya yi wa yankin katutu, matasa na ta ƙaura zuwa ƙetare neman abin sawa a baka.

A 1891 ya haɗa kan maƙeran ƙasar a ƙungiya guda, suka karɓi kwangilar, suka fara kai wa sojoji kaya. Amma fa samun kwangila daban, cin ribarta daban. Jamusawa da injunansu sun fi su arha nesa ba kusa ba. Abokan tafiyar suka janye ɗaya bayan ɗaya, suka bar Elsener da bashi har wuya. Dangi ne suka rufa masa asiri, kuma daga baya, da ƙafarsa ta tsaya, ya biya masu binsa.

Abin da ya cece shi ba kwangilar ba ce. A ranar 12 ga Yunin 1897 ya yi rajistar wata sabuwar wuƙa da ya tsara domin hafsoshi: mara nauyi, mai kyan gani, an jera mata kayan aiki gaba da baya a kan sifirin ɗin da ke riƙe su, har da ƙaramin kaifi na biyu da abin cire toshin kwalba. Rundunar ba ta sanya ta cikin kayan da take rabawa ba. Hafsoshin da kansu suka riƙa zuwa kanti suna saye da kuɗin aljihunsu, kasuwa ta buɗe.

Gwamnati kuwa, kamar yadda gwamnatoci suka saba, ta ƙi zuba ƙwanta a kwando ɗaya: a 1908 ta raba kwangilar biyu tsakaninsa da kamfanin Wenger na Delémont.

Da mahaifiyarsa ta rasu a 1909, ya raɗa wa kayansa sunanta, ya kuma ɗora musu tambarin gicciye cikin garkuwa. Ya wakilci jama'arsa a majalisar yankin Schwyz, ya rasu a Disambar 1918. Bai ga sunan da duniya ta sani a yau ba, domin sai a 1921 aka haɗa Victoria da kalmar inox, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, aka samu Victorinox. Sojojin Amurka da suka zauna a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu su suka yi ta sayen wuƙar tsaraba, suka yaɗa ta.

A 2005 Victorinox ya saye Wenger. Masana'antar na nan a Ibach, kuma tattaɓa-kunnensa ne, Carl Elsener, ke jagorantarta.