William Osler: Masanin ciwon zuciya da ciwon huhu ya yi ajalinsa

A ranar 29 ga watan Disamban 1919 ne Sir William Osler ya rasu a gidansa da ke birnin Oxford na ƙasar Ingila, yana da shekaru 70 da haihuwa, bayan ya shafe wata uku yana jinyar wani ciwon ƙirji da ya soma masa kamar mura.

A zamaninsa da wuya a sami likitan da ya kai shi suna a ƙasashen da ke magana da Turancin Ingilishi. Cututtuka biyu da ya fi yin fice a kansu su ne ciwon zuciya da kuma ciwon huhu na tsofaffi, kuma dukansu biyu an same su a jikinsa lokacin da aka binciki gawarsa.

Ɗan limamin coci

An haifi Osler ne ranar 12 ga watan Yulin 1849 a ƙauyen Bond Head da ke lardin da a yau ake kira Ontario a ƙasar Kanada. Mahaifinsa tsohon hafsan sojan ruwan Birtaniya ne da ya koma limamin cocin Angilika, mahaifiyarsa kuwa sai da ta cika shekaru 100 kafin ta rasu.

Da farko ya yi niyyar bin sawun mahaifinsa, amma daga bisani ya karkata ga aikin likita, inda ya sami digirinsa a Jami'ar McGill da ke Montreal a 1872. Ya ƙaro ilimi a Landan da Balin da Biyana, sannan ya koma McGill a 1874 ya soma koyarwa.

A Montreal ne ya yi aikin da ya zama tushen iliminsa, wato binciken gawarwaki. Ya buɗe ɗaruruwan gawarwaki da hannunsa, yana rubuta abin da ya gani, yana kuma gwada shi da alamomin da mamacin ya nuna lokacin da yake raye. Har ila yau ya karɓi aikin kula da sashen masu ciwon agana, kuma shi kansa cutar ta taɓa shi, ko da yake ba ta yi masa tsanani ba.

A 1884 ya koma Jami'ar Pennsylvania a Amurka, sannan a 1889 aka naɗa shi babban likita na farko a sabon asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore. A can ne ya fitar da ɗalibai daga ɗakin lacca ya kai su bakin gadon majinyaci, ya kuma kafa tsarin da sababbin likitoci ke zama a asibiti shekara da shekaru suna koyon aiki a ƙarƙashin manya. Tsarin ya yaɗu a duniya, kuma asibitocin koyarwa na Najeriya ma irinsa suke bi.

Babban littafinsa, The Principles and Practice of Medicine, ya fito a 1892, kuma an fassara shi zuwa harsuna da dama, ciki har da Faransanci da Jamusanci da Sinanci. Osler bai ɓoye ba a cikinsa cewa yawancin cututtukan da ya bayyana ba su da magani. Wannan gaskiyar ce ta girgiza Frederick Gates, mashawarcin attajiri John D. Rockefeller, da ya karanta littafin a 1897, lamarin da ya kai ga kafa Cibiyar Binciken Lafiya ta Rockefeller a 1901.

Zuciya da huhu

A 1885 Osler ya gabatar da laccoci a Landan kan cutar da ke cin fatar cikin zuciya da ƙofofinta idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini. Har yanzu likitoci da sunansa suke kiran wasu ƙananan ƙuraje masu zafi da kan fito a kan yatsun masu wannan cuta.

A 1897 ya wallafa laccocinsa kan ciwon ƙirjin da ke tasowa idan jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini suka ƙuntata, ya kuma sake komawa kan batun a 1910. Ya lura cewa ciwon ya fi kama maza masu himma da yawan ɗawainiya, kuma likitoci na cikin waɗanda ya fi addaba.

Sai dai ra'ayinsa game da ciwon huhu na namoniya ne ya fi zama a bakin mutane. A bugun farko na littafinsa ya bayyana cutar a matsayin babbar maƙiyiyar tsofaffi. A bugu na uku a 1898 kuma sai ya kalle ta ta wata fuska, yana ganin cewa takan ɗauke tsoho cikin 'yan kwanaki ba tare da doguwar wahala ba, ta hutar da shi daga lalacewar jiki da ta hankali.

Ya kamata a yi wa maganar adalci. Likitan wancan zamani ba shi da abin da zai ba tsohon da namoniya ta kama face kulawa da maganin rage raɗaɗi, don haka ta'aziyya ce ya yi wa kansa da iyalan majinyata. Amma ra'ayin ya daɗe fiye da dalilin da ya haifar da shi, har ya sa an ci gaba da kallon ciwon ƙirjin tsoho a matsayin abin da babu dalilin yaƙarsa.

Batun tsufa ya taɓa jefa shi cikin rikici. A jawabin ban-kwana da ya yi a Baltimore a watan Fabrairun 1905, yana da shekaru 55, ya nuna cewa ya dace malamai su ajiye aiki da zarar sun kai shekaru 60, ya kuma yi barkwanci da wani labarin ƙirƙira na marubuci Anthony Trollope inda ake kashe tsofaffi. Jaridu suka ɗauki barkwancin a matsayin shawara, aka yi ta aika masa wasiƙun zagi. A shekarun baya-bayan nan kuma wasu likitoci sun soke shi kan kalaman wariyar launin fata da ya taɓa yi, musamman game da baƙin haure zuwa Kanada.

A shekarar ta 1905 ya koma Oxford a matsayin babban farfesan aikin likita, kuma a 1911 masarautar Birtaniya ta ba shi sarautar da ta sa ake kiransa Sir.

Yaƙi da annoba

Osler da matarsa Grace, wadda ya aura a 1892, ɗa guda ne ya rayu musu, mai suna Revere. An kashe shi a watan Agustan 1917 a fagen daga kusa da garin Ypres na Beljiyam a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana da shekaru 21. Makusantansa sun shaida cewa tun daga lokacin ya rame, bai kuma sake komawa yadda yake ba.

Shekara guda bayan haka annobar mura mai tsanani ta mamaye duniya, inda aka ƙiyasta ta hallaka mutane kimanin miliyan 50. Ta sauka a Legas a watan Satumban 1918, ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta koguna ta shiga cikin ƙasa har zuwa Arewa. Wani abin mamaki game da ita shi ne yadda ta fi kashe matasa masu shekaru 20 zuwa 40, saɓanin murar da aka saba da ita, wadda tsofaffi da jarirai ta fi yi wa illa.

A ƙarshen watan Satumban 1919 Osler ya tafi Sikotland duba wani majinyaci. A hanyarsa ta dawowa yajin aikin ma'aikatan jiragen ƙasa ya rutsa da shi a Newcastle. Maimakon ya dakata, sai ya hau mota ya yi tafiyar kwana biyu cikin sanyi zuwa Oxford, duk da cewa ya sha fama da ciwon ƙirji a shekarun baya. Ya isa gida da mura, ya kwanta.

Murar ta sauka huhu, tari da zazzaɓi suka ƙi sauka. Shi da kansa ya riƙa bin diddigin ciwon yana rubutawa, kuma tun da wuri ya shaida wa abokansa cewa bai ga alamar zai tashi ba. An ce har ya nuna takaicin cewa ba zai halarci binciken gawarsa ba. A watan Disamba aka gano mugunya ta taru a kewayen huhunsa, aka yi masa tiyata don zuƙe ta, amma bayan 'yan kwanaki ya cika.

Binciken gawar ya nuna maruru a cikin huhu, da kuma ƙuntata a jijiyoyin zuciyarsa, irin wadda ya shafe shekaru yana koyar da ɗalibai a kanta.

Abin da aka gano bayansa

Ƙwayar da aka samu a ƙirjinsa bakteriya ce da wani Bajamushe, Richard Pfeiffer, ya bayyana a 1892 a matsayin mai haddasa mura mai tsanani. Haka likitocin zamanin suka yi imani. Sai a 1933 ne masu bincike uku a Landan suka ware ƙwayar bairos ɗin da ke jawo cutar ga ɗan Adam, aka fahimci cewa bakteriyar Pfeiffer tana cikin masu shigowa ne bayan bairos ya raunana hanyoyin numfashi. A 1941 kuma, a birnin na Oxford, aka soma gwada maganin fenisilin a kan majinyaci.

Alaƙar da ke tsakanin cututtukan biyu da Osler ya ƙware a kansu ta fi bayyana ne a wannan ƙarni. Idan zazzaɓi ya tashi, zuciya kan ƙara gudu ta nemi ƙarin iska a daidai lokacin da huhu ya kasa bayarwa. Kumburin da jiki ke yi don yaƙar bairos kan iya fasa kitsen da ya daskare a bangon jijiya, jini kuma ya fi saurin gudajewa. Zuciyar saurayi takan jure wannan, amma ta tsoho mai ƙuntatacciyar jijiya ko mai rauni tana iya gazawa.

Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda aka gudanar a lardin Ontario, mahaifar Osler, ya gano cewa haɗarin kamuwa da bugun zuciya na ninkawa kusan sau shida a cikin kwanaki bakwai na farko bayan gwaji ya tabbatar mutum na da mura mai tsanani. Da annobar korona ta ɓulla, alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka ta Sin ta fitar a watan Fabrairun 2020 sun nuna cewa kashi 10.5 cikin 100 na masu ciwon zuciya da suka kamu sun mutu, alhali a jimlar majinyata kashi 2.3 ne.

A ɗaya ɓangaren kuma, wani gwaji da masana daga Suwidin suka jagoranta, aka wallafa a 2021, ya bi mutane sama da 2,500 da yawancinsu ba su daɗe da samun bugun zuciya ba. A cikin shekara guda, kashi 2.9 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar rigakafin mura ne suka mutu, yayin da a cikin waɗanda ba a yi wa ba adadin ya kai kashi 4.9. Saboda irin waɗannan hujjoji ne ƙungiyoyin likitocin zuciya a Turai da Amurka ke ba masu ciwon zuciya shawarar yin allurar kowace shekara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tsofaffi da masu cututtukan da suka daɗe a jiki cikin waɗanda ya kamata a fara yi wa. Shekarun mutum, da ƙarfin zuciyarsa, da tarihin ciwon ƙirjinsa, su ne abubuwan da likita kan auna a yau kafin ya ce murar tsoho ta kwanciya a gida ce ko ta asibiti, kuma duka ukun sun taru a kan Osler a ranar da ya hau mota a Newcastle.

Abokinsa, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Harvey Cushing, wanda yake wurin lokacin da Revere ya cika, shi ya rubuta tarihin rayuwarsa, littafin da ya ci kyautar Pulitzer a 1926. Osler ya bar wa Jami'ar McGill wasiyyar littattafansa kusan 8,000, kuma a ɗakin karatun da aka buɗe da sunansa a 1929 aka ajiye tokar gawarsa tare da ta matarsa.