Muhammadu Rumfa (1463–1499): Sarkin da Ya Shigar da Kiɗa Cikin Tsarin Mulki

Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu shi ne sarki na ashirin a jerin sarakunan Kano na zuriyar Bagauda. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa cikin Ingilishi a 1908, ya nuna cewa ya hau gadon sarauta a 1463, ya riƙe mulki har zuwa 1499. Ya tarar da birnin da fatauci ya cika da baƙi, Wangarawa da Larabawa da Barebari, sai ya ɗauki aniyar sake masa tsari tun daga tushe.

Ayyukansa sanannu ne. Ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya kuma ba bayi da babanni muƙamai masu nauyi. Ya faɗaɗa ganuwa ta kudu da gabas, wato ɓangaren da ƙofofin Mata da Nassarawa da Ɗan Agundi da Na'isa suke. A zamaninsa ne Shehu Muhammadu al-Maghili na Tilimsan ya zo Kano, wajen 1492, ya rubuta masa littafi a kan wajiban sarakuna. Ya kuma shafe shekara goma sha ɗaya yana yaƙi da Katsina.

Akwai wani aikin nasa da masu nazari kan ambata a taƙaice su wuce. Cikin abubuwa goma sha biyu da Tarihin Kano ya ce shi ya fara su, har da kakaki da figini. Kakaki doguwar abar busa ce ta ƙarfe, wadda aka san irinta a fadojin Songhai da Borno da arewacin Afirka. Da Rumfa ya shigo da ita, sai ta zama muryar hukuma. Ba a busa ta sai ga sarki, kuma da jin amonta talaka ya san inda iko yake.

Busa kakaki sana'a ce mai wuyar koyo, tana bukatar numfashi da kunne da shekaru na horo. Don haka shigowarta ta wajabta wa fada ɗaukar nauyin masu ita. Ga yadda tsarin makaɗan fada yake a ƙasar Hausa: mabusan kakaki da algaita da farai, makaɗan tambari da kotso da taushi, kowane rukuni da shugabansa mai rawani, irin su Sarkin Kakaki da Sarkin Busa. Ci da sha da sutura da muhalli suna wuyan sarki. Yaro kuwa yana tashi a gidan sana'ar, ya fara da ɗaukar kaya da amshi, ya koyi take da kirarin kowane basarake, har ya gaji ubansa. A cikin waɗannan take da kirari ne aka adana sunayen sarakuna da jerin zuriyarsu, aka kuma koya wa jama'a matsayin kowa.

Tsarin ya jure sauyin zamani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki shagaltar sarakunan Haɓe da kaɗe-kaɗe, amma bayan jihadi Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846) ya maido da yawancin alamomin sarautar gidan Rumfa. Har yau da kakaki da algaita ake Hawan Sallah, Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, bikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a watan Disambar 2024.

Idan ana zancen gwamnati ta koyar da yara kiɗa don gyaran al'umma, ƙasar Benezuwela ake fara tunawa, inda José Antonio Abreu ya kafa shirin El Sistema a 1975, ya tara 'ya'yan talakawa cikin ƙungiyoyin makaɗa da kuɗin hukuma. Bambancin a fili yake: shirin Abreu a buɗe yake ga kowane yaro, na fada kuwa gado ne, kuma al'umma ba ta cika ɗaukar maroƙi da daraja ba. Duk da haka tushen ɗaya ne, cewa kiɗa ilimi ne da ya cancanci baitulmali ya ɗauki nauyinsa.

Rumfa ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi, ɗan Madaki Auwa, ya gaje shi. Kwalejin da ke ɗauke da sunansa tana nan ba nisa da Ƙofar Ɗan Agundi, kusa da ragowar ganuwar da ruwan sama da gine-gine suka cinye. Ganuwa ana iya sake ɗora ta da tubali, amma take da kirarin da ke kan tsohon mabushi suna bin sa kabari idan babu yaron da ya zauna a gabansa ya koya.