Likita Mila na Zariya (1872–1952): Rayuwarsa da Begensa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin tarihin rubutun boko ya taɓa jin sunan Likita Mila, galibi a jere da na Schön da Ɗan Hausa da Bargery. Akan ce shi ne ya ja ragamar fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932, sa'an nan a wuce. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne mutumin kansa, da irin zaman da ya yi na kusan shekara hamsin a ƙasar nan, yana neman abin da bai samu ba, bai kuwa daina nema ba. Ta wannan fuska ce wannan ɗan rubutu zai bi sawun rayuwarsa.

Kafin a shiga labarin ya kamata a ɗan tsaya kan kalmar bege. A Hausar yau da kullum bege shi ne ƙishirwar ganin wanda ake ƙauna alhali ba ya kusa, kamar yadda muka sani a waƙoƙin begen Annabi. Amma a bakin Kiristoci masu ibada da Hausa kalmar ta ɗauki wata ma'ana a kan wannan, watau sa zuciya ga alkawarin Allah da jiran cikarsa, har sukan jera ta tare da bangaskiya da ƙauna. A ganina ma'anonin nan biyu duka sun hau kan Mila.

An haifi Walter Richard Samuel Miller a 1872 a yankin Devon na ƙasar Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke birnin Landan, da ya gama kuma ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S. A zamanin nan labarin ƙasar Hausa ya cika kunnuwan 'yan mishan na Ingila, musamman bayan da C. H. Robinson ya ziyarci Kano a tsakanin 1894 da 1895 ya koma ya yi rubutu a kanta. Sun ɗauka cewa in Hausawa suka karɓi Kiristanci, to fatake za su kai shi ko'ina a Afirka ta Yamma kamar yadda suke kai goro da baƙi. Da wannan buri Mila ya tafi Tarabulus ta ƙasar Libiya don ya koyi Hausa wurin fatake da alhazai da ke yada zango a can. A Tarabulus ɗin ne ya gamu da wani yaro, Abdulmajid, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyarsu ta zuwa Makka. Yaron nan, da aka fi sani da Audu, daga baya ya zama ɗan gidansa kuma mataimakinsa a aikin harshe.

A farkon 1900 su biyar suka tashi daga Ikko suka nufi Kano: Bishop Tugwell, wanda shi ne jagora, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin, da shi Mila. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. Amma da suka isa Kano, Sarki Alu Babba bai ba su fuska ba ko kaɗan. Ya ƙi yarda su zauna, ya kuma yanka musu 'yan kwanaki su bar masa gari. In an duba da idon basira ba abin mamaki ba ne, domin a shekarar ce Gwamna Lugga ya yi shelar mulkin Ingila a kan Arewa, sarkin kuwa ba shi da dalilin bambanta Baturen da ya zo da littafi da wanda ke tafe da bindiga. Suka juya suka sauka a Girku, kudu da Zariya. Girku ɗin ma tana da nata tarihin, don a nan ne Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara aikin da ya zama ƙungiyar S.I.M., ya rasu a 1894. A nan Ryder ya kamu da atuni ya mutu, Richardson ya kwanta ciwo aka mai da shi gida, gobara kuma ta ci bukkokinsu. Daga ƙarshe hukuma ta umarce su su ja da baya zuwa Loko, a bakin kogin Binuwai. Tafiyar da aka yi ta shela a Ingila ta ƙare da kabari ɗaya, ba tare da mutum ko guda ya bi su ba.

Wani da ya ga haka sai ya nemi a sauya masa ƙasa. Mila kuwa abin da ya fito da shi daga wannan wahala littafin nahawu ne, Hausa Notes, wanda aka buga a 1901, sa'an nan ya sake dawowa a 1902. A 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin manufar Turawan mulki ita ce su hana mishan shiga biranen Musulmi, bisa alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna na cewa ba za a taɓa addininsu ba.

Shekara ashirin da huɗu ya yi a wannan gida. Ranarsa a rabe take tsakanin duba marasa lafiya, da koyar da yaran da ke zaune a gidansa, da zama da malamai ana tankaɗe da rairayar kalmomi don fassara. Masu gyambo da masu ciwon ido suna zuwa, su karɓi magani, su yi godiya, su koma masallacinsu. Shirin da ya kai wa Lugga na buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai bai yi nisa ba, don Lugga ya bar ƙasar a 1906, waɗanda suka gaje shi kuma ba su amince a danƙa wa ɗan mishan ilmin 'ya'yan Musulmi ba. Aikin ya koma hannun Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, shi ma kuwa da C.M.S. ya fara shigowa ƙasar. Waɗanda aka yi wa baftisma a birnin Zariya cikin shekarun farko ana iya ƙirga su da yatsu. Abin da na lura da shi shi ne, duk sa'ad da babbar ƙofa ta rufe masa, sai ya koma ga ƙaramin aikin da ke gabansa, na wanke miki, ko koya wa yaro baƙi da wasali, ko neman kalmar da ta dace da wata aya. Kiristoci sukan ce bege ba ya rabuwa da haƙuri da jimiri, a wurin Mila kuwa jimirin nan aikin hannu ne na kowace safiya.

Ba za a ɓoye ba, mutum ne mai kaifin harshe da taurin kai. Ya yi ta sa-in-sa da Razdan-Razdan, yana zargin mulkin Turawa da ɗaure wa zalunci gindi, ya kuma yi ta kai ƙarar Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda daga bisani aka tuɓe aka kai Lakwaja. Mu ɗaliban adabi da muka san Ɗan Sidi ta wajen waƙoƙinsa ba lalle ne mu ga al'amarin yadda Mila ya gan shi ba. Haka nan hukuncin da ya riƙa yanke wa Musulunci da sarautar Fulani a rubuce-rubucensa akwai tsanani da rashin adalci a ciki. Duk da haka, ko waɗanda ba su yarda da shi ba sun shaida cewa ya ji Hausa kamar jakin Kano, kuma bai ƙyamaci talaka ba.

Babban abin da ya faru a rayuwarsa ya zo ne a 1913, ta hanyar da bai zata ba. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. Aka nemi ya janye ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa ƙasar Ningi da ƙauyukan gabashin Zazzau. Bisa ga abin da zuriyarsu ke bayarwa, malamin ya bar musu wasiyya cewa wata rana wani zai zo musu da cikakken labarin Isa. Suka riƙe wannan magana fiye da shekara arba'in, uba yana faɗa wa ɗa. To, a 1913 sai ga wasu samari daga cikinsu sun zo gidan Mila a Zariya. Mai karatu ya auna yadda abin ya kasance a zukatan ɓangarorin biyu: ga mutanen da suka gaji jira daga iyayensu, ga kuma mutumin da ya shekara goma sha uku yana neman mai saurarensa.

Ba duk Isawa ne suka karɓi Kiristanci ba, amma waɗanda suka karɓa an samar musu fili a Gimi, a ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauye na kansu. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, shi ya zauna da su. Aka yi gonaki, aka gina majami'a da makaranta, jama'a ta haura ɗari. A karo na farko Mila ya ga abin da ya baro Ingila dominsa, watau Hausawa manoma suna ibadar Kirista da harshensu, a garinsu. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen. Cuta ce mai cin mutum a hankali, ta fara da zazzaɓi da kumburin wuya, ta kai shi ga yawan barci da rama da gushewar hankali, a wancan lokaci kuwa ba a da maganinta na kirki. Manya da yara suka yi ta mutuwa, shi likita yana kallo, iliminsa bai tsinana kome ba. Daga ƙarshe dole aka tashi Gimi, aka kwashe waɗanda suka rage, akasarinsu yara da marayu, zuwa Zariya.

A nan ne, a ganina, ake gane irin begen mutumin, kuma a nan ne ya kamata a ba Isawan kansu haƙƙinsu. Su ne suka binne 'ya'yansu. Da sun ce annobar alama ce ta cewa sun ɓata hanya, suka koma inda suka fito, da ba wanda zai zarge su. Waɗanda suka tsira suka zauna, suka sa yaransu a makarantar Mila. Daga zuriyar Isawan nan aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

A 1929 aka fitar da mishan daga birnin Zariya zuwa Wusasa, bayan gari. Mila bai so haka ba, don a wurinsa barin birni ja da baya ne. Amma Wusasa ta bunƙasa a hannun Guy Bullen da abokan aikinsa. Aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai, aka kafa asibitin St Luke da makaranta. Cikin wannan jama'a Dokta R. A. B. Dikko ya tashi, likitan farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, a nan kuma Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa. Shi kuwa Mila sai ya koma Kano, garin da aka kore shi shekara talatin da suka wuce, ko da yake a bayan ganuwa ya zauna. A can ya duƙufa kan fassara tare da taimakon malamai Hausawa da 'yan sauran ƙungiyoyin mishan, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. A 1933 kuma ya fitar da ɗan littafin labari mai suna Fatima.

Abin lura game da fassarar nan shi ne inda ta sami masu karatu. Mila ya yi ta ne da Kanawa da Zazzagawa a zuciyarsa, amma waɗanda suka rungume ta su ne Birom da Angas da Bachama da Tangale da mutanen kudancin Zazzau, waɗanda Hausa ta zame musu harshen majami'a da na waƙoƙin ibada. Ta shiga ƙauyukan Maguzawa, ta kai tashoshin S.I.M. irin su Roni a ƙasar Kazaure da Galmi a Nijar. Ita aka riƙa karantawa a gidaje da wajen jana'iza da bakin gadon marasa lafiya har zuwa 1979, sa'ad da aka fitar da sabuwar fassara, kuma har bayan nan tsofaffi da yawa ba su sake ta ba. Ta haka mutumin da ya zo mai da Hausawa Kirista ya ƙare da yaɗa Hausa a tsakanin Kiristocin da ba Hausawa ba, abin da ya kamata masu nazarin bazuwar harshen nan su ƙara dubawa.

Ya bar C.M.S. a 1935 ya koma Ingila, inda ya buga Reflections of a Pioneer a 1936. Zaman bai karɓe shi ba. A nan ma'anar bege ta farko ta bayyana, domin kewar ƙasar Hausa ta hana shi sakat, har ya sake dawowa Nijeriya yana tsoho, ba a ƙarƙashin kowace ƙungiya ba. Sunayen littattafansa biyu na ƙarshen shekarun 1940, Have We Failed in Nigeria? da Success in Nigeria?, duka tambayoyi ne, ɗaya kan kasawa, ɗaya kan nasara, sun kuwa nuna cewa har tsufansa yana auna abin da Turawa, har da shi kansa, suka aikata a ƙasar nan. Bai taɓa yin aure ba. Yaran da ya rena su ne iyalinsa, wasu ma sun ɗauki sunansa.

Ya yi kwanakinsa na ƙarshe a Bukuru, kusa da Jos, ya rasu a 1952 yana da shekara 80. Bayan rasuwarsa kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa. A Jos aka binne shi.