Aliyu Namangi (1894–1990): Makahon da Ya Yi wa Rubutacciyar Waƙa Jagora

An haifi Malam Aliyu Namangi a ƙasar Zazzau a shekarar 1894, shekaru kaɗan kafin Turawan Ingila su shiga birnin Zariya a 1902. Ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro. A ƙasar Hausa ta wancan zamani, yaron da wannan lalura ta sama turbarsa a shimfiɗe take: sanda da ƙoƙo da ɗan jagora, a ƙarƙashin Sarkin Makafi na garinsu. Aliyu bai tsaya nan ba. Ya zauna gaban malaman zaure, ya ɗauki Alƙur'ani da littattafan addini ta hanyar sauraro da hadda, har ya kai matsayin da ake kiransa malam ba don kara ba.

Wannan hanyar karatu ita ce mabuɗin fahimtar waƙoƙinsa. Mawaƙi mai gani yana iya rubuta ɗango, ya duba, ya soke, ya sake. Namangi kuwa a ka yake tsara baiti, ya auna shi da kunne, ya rera shi har ya zauna, sa'annan wani ya ɗauka a rubuce. Saboda haka waƙarsa take sauka a harshe ba tare da tuntuɓe ba, har wanda bai taɓa shiga makaranta ba yana iya haddace ta daga ji biyu ko uku. Abin lura ne cewa ɗaya daga cikin fitattun rubutattun waƙoƙin Hausa na ƙarni na ashirin ta fito ne daga mutumin da bai ga shafin da aka rubuta ta ba.

Waƙar ita ce Imfiraji, sunan da ya samo asali daga kalmar Larabci mai nufin yayewar ƙunci. Doguwar waƙa ce 'yar biyar-biyar, wadda aka buga kashi na ɗaya zuwa na tara a Zariya, inda Kamfanin Gaskiya da kuma NNPC suka yaɗa ta. Jigoginta su ne begen Manzon Allah (SAW), da tuna mutuwa da kwanciyar kabari, da gargaɗi kan ruɗin duniya da halayen mutanen zamani. Karinta kuwa daga kiɗan caji aka aro shi, wato kiɗan nishaɗi da ya yi tashe a lokacin. Dabara ce ta mai wa'azin da ya san jama'arsa: ya bar musu muryar da kunnensu ya saba da ita, ya sauya abin da take ɗauke da shi. Wannan kari ya ja hankalin manazarta har daga Amurka, domin Russell Schuh ya yi masa nazari na musamman a mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Ba wa'azi kaɗai Namangi ya iya ba. Waƙar Keke shaida ce cewa yana da raha, kuma yana biye da sababbin abubuwan da zamani ya kawo.

Waɗanda suka fi kowa yi wa Imfiraji hidima su ne makafi 'yan'uwansa. Su suka ɗauke ta daga takarda suka mayar da ita baki, suka zaga da ita kasuwanni da tashoshin mota da ƙofofin masallatai, daga Zazzau har ƙasar Zamfara. A yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda kunne ya saba da kotson Musa Ɗanƙwairo, wanda shi ma ya rasu a 1991, waƙar malamin Zazzau ta sami masu sauraro ba tare da kalangu ko 'yan amshin fada ba. Sai dai akwai abin takaici a nan: da yawa sun san baitocin a matsayin waƙar bara, ba su san cewa mai ita masani ne da Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama da digirin girmamawa na dakta ba.

A nan ne rayuwarsa take da magana da ƙagaggun labaranmu. Tun daga littattafan da gasar 1933 ta haifar har zuwa littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1980, da wuya a ga makaho a matsayin tauraro mai cikakken hali. Galibi ana kawo shi ne a bakin titi domin a nuna tausayin jarumi, ko kuma a makantar da wani a matsayin sakayyar muguntarsa, ko a jarrabi masoyi da makanta sa'annan a warkar da shi kafin ɗaurin aure, kamar dai so ba zai tabbata ba sai ido ya buɗe. Marubucin da yake son gina labarin soyayya a kan tarihi, a Zariya ta zamanin En'e misali, yana da wani samfuri a gabansa: makaho mai ilimi da almajirai, wanda ake neman fatawarsa, wanda kuma ya fi masu ido iya siffanta bege. A ganina, rashin irin wannan tauraro a adabinmu na zube gazawar masu ƙirƙira ce, domin tarihi bai yi rowarsa ba. Ga kuma Audu Makaho na Birnin Kabi da waƙarsa ta Tabuka, wadda Ɗalhatu Muhammad ya nazarta.

Namangi ya yi tsawon rai. Ya ga mulkin Turawa daga farkonsa har ƙarshensa, ya ga 'yancin kai a 1960, ya kai lokacin da ake karantar da waƙoƙinsa a makarantun sakandare da jami'o'i. Ya rasu a shekarar 1990 yana da shekaru casa'in da 'yan kai.