Anastasios Leventis, Baƙon da Sunansa Ya Zama Sunan Wuri

Duk mai fitowa daga Kakuri, ko Barnawa, ko Sabon Tasha, idan ya haye gadar kogin Kaduna ya nufi tsakiyar gari, da wuya ya koma gida bai ji ɗan kamasho yana kiran shataletalen Leventis ba. Da yawa cikinmu mun ɗauka sunan wuri ne kawai. Alhali kuwa sunan mutum ne, baƙo daga nesa, wanda ya taka ƙasar nan yana saurayi, hannunsa babu komai.

An haifi Anastasios George Leventis a watan Disamba na 1902 a ƙauyen Lemythou, cikin duwatsun tsibirin Kubrus. Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san wannan tsibiri, domin shi ne mahaifar Barnaba, abokin tafiyar Manzo Bulus. Iyayensa Kiristoci ne na Ikilisiyar Otodoks ta Girka, tsibirin kuma a lokacin yana hannun Ingila, kamar yadda ƙasarmu take. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya tafi Faransa, ya yi ƙwadago a Marseille, ya koyi ilmin ciniki a Bordeaux. A 1920 ya iso kudancin Nijeriya a matsayin yaron kamfani, bayan shekara biyu aka ba shi riƙon kanti a Abeokuta. Daga nan aiki ya kai shi Accra, inda ya zama babban manajan kamfanin G.B. Ollivant a ƙasar da yau ake kira Ghana.

A nan ne rayuwarsa ta juya. Zamanin nan ciniki a Afirka ta Yamma yana hannun 'yan tsirarun kamfanonin Turawa, babbansu U.A.C. Su ne ke yanka wa manomi kuɗin koko da gyaɗa, su ne kuma ke yanka kuɗin atamfa da gishirin da zai saya. Da U.A.C. ya haɗiye kamfanin da yake wa aiki, Leventis bai yarda ya zauna ƙarƙashin sababbin iyayen gida ba. Ya ajiye babban matsayinsa, ya kafa nasa kamfanin a tsakiyar shekarun 1930, lokacin da kasuwar duniya ba ta gama farfaɗowa ba. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya ja da irin waɗannan, yawanci karyewa yake yi. Shi bai karye ba. Kada mu mai da shi waliyyi: riba ya zo nema, ya kuma same ta a zamanin da Bature ke da gatan da ɗan ƙasa ba shi da shi. Amma ya yi abota da masu fafutukar neman 'yanci, har Kwame Nkrumah, a lokacin da yawancin Turawan ciniki ke gudunsu.

Harkar ta gida ce tun daga tushe. Ƙanensa C.P. Leventis shi ya buɗe reshen Nijeriya a 1942, 'ya'yan 'yan'uwansa kuma, na gidan Leventis da na gidan David, suka shigo ɗaya bayan ɗaya. A 1951 suka kafa kamfanin da ke ɗura Coca-Cola a kwalba a Nijeriya. Sai manyan kantuna, da sayar da motoci, har dai da ƙungiyar ƙwallo ta Leventis United a Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofi ta Afirka a 1985.

Tsufansa bai rasa ɗaci ba. Akbishop Makarios, shugaban Kubrus na farko, ya naɗa shi jakada a hukumar UNESCO. Sai ga shi a 1974 sojojin Turkiyya sun mamaye arewacin tsibirin, har da Petra, garin danginsa, inda ya zuba dukiya wajen kyautata wa jama'a. Mutanen garin suka zama 'yan gudun hijira a ƙasarsu, aka kuma wawashe kayan tarihi na majami'u da dama. Ya rasu a 1978, garin bai dawo hannun mutanensa ba.

A 1979 aka kafa gidauniya da sunansa bisa ga wasiyyarsa, ɗan ɗan'uwansa Constantine ya shugabance ta har rasuwarsa a 2002. Reshenta na Nijeriya ya buɗe makarantun koyar da matasa noma, ɗaya a Dogon Dawa ta ƙasar Birnin Gwari a jiharmu, wata a Panda ta Jihar Kano. Wani ɗan gidan kuma, A.P. Leventis, ya kafa cibiyar binciken tsuntsaye a Laminga kusa da Jos, tare da Jami'ar Jos.